Yaron Nan Mai Lissafin Ranaku

Akwai wani tsohon ɗalibinmu, yanzu yana kwalejin horon malamai, wanda ba ya gama gaishe ka sai ya gaya maka yau ranar mece ce. Wai 14 ga Maris ranar "Pi" ce ta masu lissafi, domin Amurkawa kan rubuta wata kafin rana, sai ya fito 3.14. Abokansa suna cewa ya cika surutu, wasu malamai kuma na ganin ɓata lokaci ne. Ni dai ina bayansa.

Da ya ce 19 ga Nuwamba ranar banɗaki ce ta duniya, ɗakin malamai ya kwashe da dariya, har da ni. Amma Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta amince da ita a 2013, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa da damina ya san abin ba na dariya ba ne.

Wuri ɗaya nake jan kunnensa. Ya san Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Da na tambaye shi ina Sarkin Musulmi Attahiru ya nufa daga nan, me kuma ya faru a Burmi, sai ya hau sosa ƙeya. Ɗalibai, in ya zo hutu ku saurare shi, amma ku riƙa tsare shi da "me ya sa?" Na ba shi aron littafin tarihi, na ce ya kawo mini amsar Burmi kafin Kirsimeti.