A BAR MASU HOTO SU YI AIKINSU

Jama'a, a dajin Carnobil na ƙasar Yukiren akwai wani shingen ƙarfe da ake kira Duga, tsayinsa wajen ƙafa 500. Sojan Tarayyar Sobiyet suka kafa shi domin ya hango makamai masu linzami in an harbo su daga Amurka. Daga 1976 har 1989 masu sauraren rediyo a gajeren zango, ƙasa-ƙasa, suna jin wani ƙwas-ƙwas yana katse musu labarai. Hukuma ta yi gum. A taswira ma cewa aka yi wurin sansanin hutun yara ne.

Da tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a 1986, aka kwashe mutanen yankin, aka bar Duga wa tsatsa.

To, sai ga masu ɗaukar hoto. Mutum ya kafa kyamara bisa ƙafa uku cikin dare, ya bar idonta buɗe daƙiƙa 20 ko 30, ta tattara ɗan hasken da idon mutum ba ya kamawa. Sai ka ga ƙarfen baƙi wuluk ya tokare sama, taurari suna leƙowa ta tsakaninsa. Wasu suka ce hauka ne, mutum da hankalinsa ya kwana a kango.

Mu ba mu ce hauka ba. Da kuɗin wa aka yi Duga? Da gumin ma'aikata da manoma, waɗanda aka hana su ko sanin akwai shi. Ɗan kasuwa ya sani, wanda ya biya kuɗi shi ke da ikon kwance ɗauri ya duba kaya. Hoton nan kwance ɗauri ne. Gani ya kori ji.

Ba mu musun hatsari. Ƙasar wurin da sauran guba, ƙarfen ya tsufa, tun da Rasha ta kawo yaƙi a 2022 kuma aka rufe yankin ga 'yan yawon buɗe ido. Kada kowa ya tsallake shinge. Amma a 2021 Yukiren da kanta ta sa Duga cikin kayan tarihinta. In an sami lafiya, a buɗe ƙofa, a ba masu hoto izni da ɗan jagora, har da dare. Abin da aka ɓoye wa iyaye, a bar 'ya'ya su gani.

Allah ya kawo zaman lafiya, amin.