MADUBIN TARIHI: Gimbiya Auwa, Labarin da Furodusoshinmu Suka Manta

Duk matashin da ya taɓa zama a gidan kallo a Shanono ko Bagwai ya san *Jodhaa Akbar*, fim ɗin Indiya na 2008 wanda Ashutosh Gowariker ya ba da umarni. Aishwarya Rai ce gimbiyar da aka ɗauko daga gidan ubanta aka kai wa Sarki Akbar, wato Hrithik Roshan, domin a ƙulla zumunci tsakanin masarautu biyu. Asalin auren ya faru ne a 1562. 'Yan mata sun sha kuka, samari sun sha tafi. To, jama'a, ashe Kano ma tana da tata gimbiyar!

Sunanta Auwa, matar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, mai Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi. Wasu masana tarihi sun ce 'yar Askiya Muhammadu ce, Sarkin Songhai da ya hau mulki a birnin Gao a 1493. Alaƙa tsakanin fadojin biyu kuwa ba boyayya ba ce, domin Shehu Magili ya zauna a Kano, ya kuma je Gao, duk sarakunan biyu sun nemi shawararsa.

Daga Gao, cikin ƙasar Mali ta yau, zuwa Kano ya haura kilomita 1,000. Babu mota, babu waya, sai raƙumi da doki da jaki. Yarinya ta bar bakin kogin Kwara, ta bar yaren da ta tashi da shi, ta nufi gidan mijin da manya suka zaɓa mata. Wannan ba sin ɗin kuka ba ne kuwa?

Amma inda labarin ya fi daɗi shi ne Auwa ba ta ƙare a ƙuryar ɗaki ba. Kundin Tarihin Kano ya ambace ta da sarautar Madaki. Ɗanta Abdullahi ya gaji Rumfa a 1499, kuma lokacin da ya fita yaƙi, Dagaci ya shirya tawaye, ita ce ta tsare gari har ɗanta ya dawo. Jikanta Muhammadu Kisoki shi ma ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565, tana da faɗa-a-ji a fadarsa.

Matar sarki, uwar sarki, kakar sarki. Wace jaruma ce ba za ta so wannan rol ɗin ba?

Kullum ƙorafin 'yan kallo shi ne kwaikwayon Indiya ya yi yawa a industiri. Ga maganin nan a gida. Dawakai akwai, algaita da kakaki akwai, filin lokeshin ga shi nan shimfiɗe a karkarar Shanono bayan an girbe gero. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai zauna da masana, da furodusan da ba ya tsoron kashe kuɗi.

Furodusoshi, ƙalubale gare ku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.