Hanyar Yanke Ga Mai Aiki Da Kwamfuta

 Wannan magana ce zuwa ga malamai ma'abota allo da alƙalami, da 'yan kasuwa na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kan wani ɗan abu da ido ke rainawa, alhali kuwa yana cin lokacin jama'a da kuɗinsu kowace rana ta Allah.

Duk wanda bukata ta taɓa kai shi shagon masu buga takardu a Birnin Kudu, ko don yarjejeniyar sayen gona, ko takardar neman aiki, ko ta ɗaurin aure, lalle ya ga akawu iri biyu. Ɗaya hannunsa na dama ba ya zama wuri guda. Ya buga kalma uku, ya ɗaga hannu ya kama ɗan abin nan mai wutsiya wanda Turawa suka yi wa laƙabi da ɓera, masu shago ke ce wa maus, ya yi ta jan kibiya bisa gilashi yana laluben inda umurni ya ɓuya, ya danna, sa'an nan ya komo yana neman inda ya tsaya. Ɗayan kuwa hannayensa biyu suna bisa maɓallai, ba a jin kome sai ƙwas-ƙwas, kafin a ankara takarda ta fito. Mutumin da ya taso daga Gwaram tun da hantsi, yana zaune bisa benci yana duban rana, yana tsoron kada motar ƙarshe ta tashi ta bar shi, shi ya san bambancin waɗannan biyu. Injinsu ɗaya, wutarsu ɗaya, kuɗin shafi ɗaya. Abin da ya raba su hadda ce kurum.

Ga yadda al'amarin yake. A kusurwar hagu ta ƙasa ta allon maɓallai akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Ctrl. Shi kaɗai ba ya rubuta kome, amma in aka danne shi, aka taɓa wani harafi tare da shi, sai harafin nan ya zama umurni. Ctrl da C ya kwafi abin da aka zaɓa, Ctrl da X ya yanke shi, Ctrl da V ya manna shi inda ake so, Ctrl da Z ya warware abin da aka yi a ƙarshe. Wani Ba'amurke mai suna Larry Tesler, wanda ya rasu cikin 2020, shi da abokan aikinsa suka shirya dabarar yankewa da mannawa a kamfanin Xerox cikin shekarun 1970, kana kamfanin Apple ya yaɗa waɗannan haruffa huɗu da injinsa Macintosh na 1984. Watau abin ya girmi yawancin akawunan da suka jahilce shi.

Wataƙila wani malami ya ce wannan wasan samari ne, kuma gaggawa ba halin mai ilmi ba ce. To, a duba littattafan da ke cikin gafakarsa. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu cikin 590 bayan Hijira, da ya tsara ƙira'o'i bakwai, bai tsaya maimaita sunayen makaranta a kowane baiti ba. Ya ba kowa harafinsa: alif na Nafi'u, ba na Ƙaluna, jim na Warshu, wanda ruwayarsa ce aka gada a tsangayun ƙasar Hausa. Imamu Suyuɗi, a cikin Jami'us Sagir, ya sa harafi guda a madadin Buhari, wani a madadin Muslim, wani kuma in sun haɗu su biyu. Masu sharhin Muhtasar na Halilu suna sa sadi a gaban maganar mawallafi, shin a gaban sharhi, almajiri kuwa da ganin harafin ya san mai magana. Ba wanda ya taɓa tuhumar waɗannan bayin Allah da ƙyuya. Sun ga rayuwa gajera ce, tawada da takarda suna da tsada, suka ɗora wa ƙwaƙwalwa ɗan nauyi sau ɗaya domin hannu ya huta har abada. Wannan shi ne ainihin abin da Ctrl da 'yan'uwansa ke yi. Ramzi ne, sai dai na yatsa.

Bal ma mai rubutun Larabci da ajami ya fi kowa bukatarsa, gama injin nan da boko aka haife shi, sai an juya shi. A kwamfuta mai Windows, in an riga an sa mata Larabci, Alt da Shift suna sauya maɓallai daga boko zuwa Larabci, su kuma komo da su. A cikin Word, Ctrl da Shift na hannun dama suna mai da layi ya faro daga dama kamar yadda allo ya saba. Wasula ma suna nan a ɓoye ƙarƙashin Shift: wasali bisa yana kan Q, wasali ƙasa yana kan A, rufu'a kan E, ɗauri kan X. Ajami kuwa ba ya karantuwa sai da wasali. Wanda ya ce zai bi kowane wasali da kibiya, ya buɗe akwatin alamomi ya tsinto shi ɗaya ɗaya, zai kwana bai cika shafi ba, har ya yanke hukunci cewa ajami ba ya shiga injin. Da yawa sun yanke wannan hukunci, suka koma boko ba da son ransu ba.

Alhali kuwa ƙofa a buɗe take. Akwai wata ƙungiya ta duniya, Unicode, wadda ta ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa. Ɗigon nan na imala da ake sawa ƙarƙashin harafi yana da tasa, 065C. Cikin 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu. Har akwai wani nau'in rubutu mai suna Alkalami da aka zana bisa hannun marubutan Kano, mai kauri, wanda ake samu kyauta. A cikin Word, in an buga lambar harafi, aka danna Alt da X, sai lambar ta rikiɗa ta zama harafin nan take. Haka kuma ga masu ƙugiya na boko: 0199 ya ba da ƙ, 0257 ya ba da ɗ, 0253 ya ba da ɓ. Sai fa a kula, in harafin da ke gaban lambar yana tsakanin a da f ne, injin yakan haɗa su ya ruɗe, maganinsa a fara da U+ kana lambar. Wanda ya ga lambobin sun yi masa yawa, Word ya yarje masa ya ɗaura wa kowane harafi maɓallin da ya ga dama, sau ɗaya, shi ke nan. Ba ƙaramin abu ba ne. Akawun da ya rubuta kasa inda ake nufin ƙasa, ko Daura inda ake nufin ɗaura, a takardar da za ta je gaban alƙali, ya bar wa masu ita abin jayayya.

Akwai wata mas'ala da malamai suka daɗe suna yi wa marubuta faɗa a kanta. Ibnus Salahi da Imamu Nawawi sun karhanta a taƙaita salati ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da 'yan haruffa saboda ganin tsawonsa. Yau takardun wa'azi da na walima sun cika da irin wannan taƙaitawa. To, a Word, wanda ya buga FDFA ya danna Alt da X, salatin zai fito da kalmominsa cikakku a dunƙule wuri guda. Mai son ya shimfiɗa shi a layi kuwa, ya rubuta sau ɗaya da kyau, ya kwafa, ya riƙa mannawa. Uzurin gajiyar hannu ya faɗi ke nan. Haka mai neman wata mas'ala cikin Risala ko wani babban littafi da ke cikin injin: Ctrl da F, ya buga kalmar, a kai shi wurinta. Amma wannan ba ya aiki ga littafin da hotonsa kurum aka ɗauka, don injin bai san abin da ke cikin hoto ba.

Na 'yan kasuwa ba shi da tsawo, don su ba a koya musu darajar lokaci. Mai awon riɗi ko gyaɗa a kasuwar Sara, wanda yaronsa ke riƙe masa lissafi a Excel, ya tambayi yaron abu uku. Alt da alamar daidai suna tara jimlar layi duka. Ctrl da alamar waƙafi mai ɗigo suna sa kwanan watan ranar. Ctrl da F suna fito da sunan mai bashi daga cikin suna ɗari biyar, yana tsaye bai gama gaisuwa ba. Amma uban su duka shi ne Ctrl da S, wanda ke adana aiki. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, janareta kuma ke shan mai da tsada, akawun da bai saba wa yatsansa wannan ba bayan kowane 'yan layuka, wata rana zai yi asarar aikin yini guda, kuma mai kaya ne zai biya.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen yara. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a bisa kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, watau sakan 40 ga kowace tambaya, har da karanta ta da yin lissafinta. Yaron da ya taso a ƙauyen Gwaram, wanda bai taɓa riƙe maus ba sai ana saura mako guda, hannunsa na rawa, kibiya na guje masa, yakan ɓatar da rabin wannan lokaci wajen kokawa da injin, ko da ya san amsa sarai. Hukumar da kanta ta lura da haka, cikin 2017 ta shirya yadda za a yi jarrabawar da maɓallai takwas ba tare da maus ba: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na janyewa in an taɓa S bisa kuskure. Haruffa takwas! Kolon da ya haddace Fatiha zuwa Nasi ya fi ƙarfin wannan. Duk da haka kowace shekara akan sami waɗanda suka shiga ɗakin jarrabawa ba wanda ya taɓa gaya musu. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, ga tsohuwar kwalejin gwamnati a cikin Birnin Kudu, wadda Alhaji Aliko Dangote ya gama cikin 1978. Abin kunya ne ƙasa mai irin wannan tarihi ta bar ɗanta ya rasa gurbi saboda ɓera.

Laifin yana wuyan masu koyarwa tukuna. Da yawa daga wuraren koyon kwamfuta suna karɓar kuɗin wata uku, su nuna wa yaro inda zai danna, su ba shi takardar shaida mai ado, ya fito yana buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar tsaba. Nuni ya fi sauƙin koyarwa, don ba ya bukatar bita. Hadda kuwa sai da maimaici, kuma nan ne malaman allo suka fi kowa sanin hanya. Ba a ba yaro izu guda rana ɗaya. Akan rubuta masa kaɗan, ya biya, ya wanke, a ƙara masa. Haka ya kamata a yi da wannan: maɓalli biyu ko uku a mako, a rubuta su a 'yar takarda a liƙa gefen gilashi, a hana hannu zuwa wurin maus a kan abin da aka riga aka koya, har yatsa ya riƙa zuwa da kansa kamar yadda harshen gardi ke zuwa da aya ta gaba. Makon farko aiki zai yi nawa, mai shago ya yi haƙuri. Kafin wata biyu ya ga bambanci a aljihunsa.

Sai dai hanyar yanke tana da ƙaya, kuma wajibi ne a faɗa. Shift da Delete suna shafe abu ba tare da ya biya ta kwandon shara ba, inda akan iya tsamo shi. Ctrl da A suna zaɓen rubutu duka, in yatsa ya zame ya taɓa wani harafi a wannan hali, sai shafi hamsin su koma harafi ɗaya. Wanda ya san Ctrl da Z zai yi murmushi ya komo da su, wanda bai sani ba kuwa yakan firgita ya adana ɓarnar. Ctrl da H suna musanya kalma da wata a takarda duka, kuma injin ba ya bambanta Ali da farkon Aliyu sai an gaya masa. Mafi muni shi ne akawun da ke ɗauko tsohuwar yarjejeniyar wani, ya manna, ya sake suna a sama ya manta da na ƙasa, ko ya bar iyakar gonar farko a cikin takardar ta biyu. Marubutan da ba su sakin littafi sai sun yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi. Lokacin da maɓallai suka rage, a nan ya kamata a kashe wani abu daga cikinsa, a karanta wa mai takarda abinsa da ƙarfi tun bai sa hannu ba.

Saboda haka uban da zai biya wa ɗansa kuɗin koyon kwamfuta a Birnin Kudu ko Gwaram, ya tambayi mai makarantar tun kafin ya ba da ko kwabo, ko ana koyar da maɓallai da ka, da kuma haruffa takwas na jarrabawa. Attajirin da zai ɗauki akawu kuma ya ajiye takardar shaidar a gefe, ya zare maus ya sa a aljihu, ya ba shi wasiƙa mai layi goma ya ce ya buga, ya adana, ya fitar da ita a takarda.