Sudan: Kowane babba da ubangidansa a ƙetare

A watan Afrilun 2018, ministan harkokin wajen Sudan, Farfesa Ibrahim Ghandour, ya miƙe a zauren majalisar dokoki ya faɗi abin da ba a saba ji daga bakin minista mai ci ba. Ya ce jakadun ƙasar da ma'aikatansu sun yi wata bakwai ba albashi, kuɗin hayar ofisoshin jakadanci ya taru ba a biya ba. Washegari Shugaba Umar al-Bashir ya sallame shi. Wannan Ghandour ɗin kuwa shi ne ya yi ta kai-komo tsakanin Khartum da Washington har Amurka ta ɗage takunkumin shekara 20 da ta ƙaƙaba wa Sudan, a Oktoban 2017.

Duk mai son gane yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, a ganina daga nan ya kamata ya fara. Ma'aikatar da aka kafa don ta yi magana da duniya da yawun Sudan an bar ta da yunwa, alhali maganar ba ta tsaya ba. Ta koma hannun wasu mutane ne: shugaban leƙen asiri, sakataren fadar shugaban ƙasa, kwamandan mayaƙa, kowannensu da ƙasar da yake kai wa gaisuwa, kowannensu da aljihun da kuɗin ke faɗawa. Sudan ta yi shekaru tana da manufofin waje uku ko huɗu a lokaci guda. Daga ƙarshe biyu daga cikinsu suka ɗauki bindiga.

Bashir ne ya shuka wannan. A farkon mulkinsa, lokacin da Hassan al-Turabi ke riƙe da akala, Khartum ta zama masaukin masu adawa da Amurka, har Usama bin Ladan ya zauna can daga 1991 zuwa 1996, Amurka kuma ta sa Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci a 1993. A 1999 Bashir ya raba gari da Turabi. Bayan 2001 sai ga shugaban leƙen asirinsa, Salah Gosh, ya zama na hannun daman hukumar CIA, har suka aiko jirgi ya kai shi Amurka a 2005, daidai lokacin da ake zubar da jini a Darfur. An sauke Gosh a 2009, an kulle shi a 2012 bisa zargin shirya juyin mulki, an sake shi, a Fabrairun 2018 kuma aka mayar masa da kujerarsa. Wata 14 bayan haka yana cikin manyan jami'an tsaron da suka yi wa Bashir juyin mulki.

Haka aka yi da Iran. Shekara da shekaru ita ce aminiya, jiragen ruwanta na yaƙi na yada zango a Port Sudan. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, baitulmali ya bushe, sai ido ya koma kan Riyad da Abu Dhabi. A Satumban 2014 aka rufe cibiyoyin al'adun Iran, a Maris na 2015 Sudan ta shiga ƙawancen Saudiyya a yaƙin Yaman, a Janairun 2016 ta yanke hulɗa da Tehran gaba ɗaya. Wanda ya fi kowa ɗinka wannan ciniki shi ne Taha Usman al-Husain, daraktan ofishin Bashir, mutumin da ya fi ministan harkokin waje faɗa a ji a fadojin yankin Gulf. A Yunin 2017, lokacin da Saudiyya da Daular Larabawa suka yi wa Qatar ƙawanya Bashir kuma ya ƙi ɗaukar ɓangare, aka kori Taha. Ba a yi wata guda ba sai ga shi a taron Tarayyar Afirka a Addis Ababa, cikin tawagar Saudiyya, a matsayin mai ba ta shawara. Mutumin da ya san duk sirrin fadar Khartum ya kwana ma'aikacin Sudan ya tashi ma'aikacin wata ƙasa. Wannan al'amari har yau yana tsaya mini a rai, domin ya nuna tun farko wa yake yi wa aiki.

Na san akwai masu kare Bashir a cikinmu, kuma na sha jin hujjarsu a majalisar hira. Suna cewa talakar ƙasa da manya suka sa a gaba ba ta da zaɓi sai ta yi wayo, yau nan gobe can. Akwai gaskiya a ciki. Ba na ganin laifin ƙasar da ta ƙi ɗaure kanta a gindin kowa. Amma dubi yadda abin ya kasance. Wata guda da ɗage takunkumin Amurka, Bashir ya je Sochi ya roƙi Putin ya kare shi daga Amurkan. A Disamban shekarar ya ba Turkiyya damar raya tsibirin Suwakin a Bahar Maliya, abin da ya fusata Masar da Saudiyya. A Disamban 2018 ya sauka Dimashƙ a jirgin Rasha, shugaban Larabawa na farko da ya ziyarci Bashar al-Assad tun farkon yaƙin Siriya. Da zanga-zangar tsadar burodi ta taso a watan, babu ko ɗaya cikin waɗannan abokai da ya zuba kuɗin da zai cece shi. Kowa ya riga ya gane cewa alkawarin Bashir ba ya kai shekara, don haka kowa ya nemi nasa mutumin a ƙasa da Bashir.

Yaƙin Yaman ne ya samar da mutanen. Janar Abdel Fattah al-Burhan na cikin hafsoshin da suka kula da tura dakarun Sudan can. Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemedti, shi ya ba da dubban mayaƙa daga rundunar RSF, wadda Bashir ya ƙirƙira a 2013 daga 'yan Janjawid don ta zame masa garkuwa daga sojojinsa na kansa. Da kuɗin Yaman, da zinaren Jabal Amir da ya ƙwace bayan ya kama ɗan'uwansa Musa Hilal a 2017, Hemedti ya wayi gari ba ya buƙatar baitulmalin gwamnati don biyan yaransa. Kwamandan da ke da ma'adininsa, da kasuwarsa a Dubai, da fadojin da ke karɓarsa, ya riga ya zama gwamnati, ko da ba a rantsar da shi ba.

Bayan faɗuwar Bashir ran 11 ga Afrilun 2019, mulki ya koma hannun Burhan, Hemedti na mataimakinsa, sai Saudiyya da Daular Larabawa suka yi musu alkawarin dala biliyan 3. A ƙarshen Mayu Hemedti ya je Jidda ya gana da Yarima Muhammad bin Salman, Burhan kuma ya je Alƙahira da Abu Dhabi. Ran 3 ga Yuni aka afka wa masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, aka kashe fiye da mutum 100. A wannan rana kan su biyun haɗe yake.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta zo da fatan cewa farar hula za su karɓi ragamar hulɗa da duniya. Har an naɗa Asma Muhammad Abdallah, mace ta farko da ta riƙe ma'aikatar harkokin waje. Ran 3 ga Fabrairun 2020 Burhan ya je Entebbe a Uganda ya gana da Benjamin Netanyahu na Isra'ila, majalisar ministoci kuma ta fito ta ce a kafafen labarai ta ji. Ko mutum na goyon bayan ƙulla hulɗa da Isra'ila ko yana adawa, ya kamata wannan ya dame shi. A Khartum ne ƙasashen Larabawa suka taru a 1967 suka yanke cewa ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa da Isra'ila. Sauya matsayi irin wannan magana ce ta al'umma baki ɗaya, amma sai mutum ɗaya ya yi ta a ɓoye, saboda yana neman Washington ta san shi ne mai gida. An cire Sudan daga jerin ta'addanci a Disamban 2020 bayan ta amince ta biya diyyar dala miliyan 335, amma darasin da kowane janar ya ɗauka shi ne, wanda ya riga kai kansa waje shi ake yi da shi.

Da Burhan da Hemedti suka yi juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, ministar harkokin waje Maryam al-Sadiq al-Mahdi ta ƙi miƙa wuya, jakadu da dama suka fito fili suka yi tir, Burhan ya kori shida daga cikinsu, har da na Washington da na Beijing da na Doha da na Paris. Waɗannan mutane sun cancanci a tuna da su. Su ne ragowar masu ganin cewa jakada wakilin ƙasa ne. Da aka kawar da su, fili ya zama na mutum biyu. A ranar da Rasha ta kutsa Ukraine, 24 ga Fabrairun 2022, Hemedti yana Mosko yana ganawa da Sergei Lavrov, da ya dawo kuma ya ce ba shi da matsala da sansanin sojan ruwan Rasha a gaɓar Bahar Maliya. Burhan a nasa ɓangaren ya rungumi Masar, sojojin saman ƙasashen biyu na atisaye a Marawi. A Fabrairun 2023 Hemedti ya fito ya ce juyin mulkin da suka yi tare kuskure ne, ya koma yana zawarcin 'yan siyasar farar hula da ya taimaka aka kulle. Rigimar da ta fito fili ita ce ta shigar da RSF cikin soja, Burhan ya ce cikin shekara biyu, Hemedti ya ce goma. A ranar farko ta yaƙin, mayaƙan RSF suka kama sojojin Masar a filin jirgin Marawi suka nuna su a bidiyo. Tun daga awa ta farko an ga hannun waje a ciki.

Mutanenmu da yawa suna ɗora laifin duka a kan baƙi, musamman Daular Larabawa. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin kai wa RSF makamai ta garin Amdjarass na Chadi yana da tushe, ko da yake Abu Dhabi na musantawa. Ba na wanke kowa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu ƙasar da ta fasa ƙofar Sudan. Manyanta ne suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya suna neman mai saye. Kuma ba na daidaita ɓangarorin biyu: abin da RSF ta aikata wa Masalit a El Geneina a 2023 ba shi da na biyu a wannan yaƙi. Sai dai Burhan da ke kiran Hemedti ɗan tawaye yau, shi ne ya zaunar da shi a kujerar mataimaki shekara huɗu.

Har yanzu kuma ba a daina ba. A Oktoban 2023 gwamnatin Burhan ta mayar da hulɗa da Iran ɗin da aka kora don faranta wa Saudiyya. Ta sauya ministocin harkokin waje sau da dama daga 2024 zuwa 2025, ta kai ƙarar Daular Larabawa Kotun Duniya, kotun ta ce ba ta da hurumi, sai gwamnatin ta yanke hulɗa da Daular a Mayun 2025. Hemedti kuwa, daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, ya zaga Uganda da Habasha da Jibuti da Kenya da Afirka ta Kudu da Ruwanda, shugabanni suna karɓarsa hannu bibbiyu. Wannan ya ɓata mini rai matuƙa. Shugabannin Afirka ne da kansu suka tabbatar wa mai bindiga cewa yana iya yin diflomasiyyarsa daban, kuma a Nairobi aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa gwamnatin kishiya a Fabrairun 2025.

Wanda ke biyan kuɗin sauya sheƙar manya shi ne wanda ba ya da sheƙar da zai koma. A Oktoban 2024, Abu Aqla Kaikal, kwamandan RSF a jihar Jazira, ya koma ɓangaren soja, aka yi masa afuwa. RSF ta huce a kan ƙauyukan gabashin Jazira, a ƙauyen Sariha kaɗai an kashe fiye da mutum 100. A wannan yanki na Jazira da Sennar da Gadarif da Blue Nile ne Hausawa da Fulani suka fi yawa, jikokin mahajjatan ƙasa da na waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi. Tun kafin wannan yaƙi, a 2022, an kashe ɗaruruwan mutane a rikicin Blue Nile da ya rutsa da Hausawa kan batun ƙasa da sarauta. Manoma ne da masunta da 'yan tireda. Ba su da runduna, ba su da fadar da za ta kira Khartum saboda su. A 2023 mu a Najeriya mun kwashe ɗalibanmu a motocin safa zuwa iyakar Masar, muka sauke ajiyar zuciya kamar an gama. Waɗancan 'yan'uwa suna can, cikin mutum fiye da miliyan 12 da yaƙin ya raba da gidajensu, kuma ina so in ji muryar Abuja a kansu fiye da yadda nake ji.

Ran 12 ga Satumban 2025 ƙasashe huɗu suka fitar da taswirar sulhu: tsagaita wuta na wata uku don kai agaji, sannan miƙa mulki ga farar hula cikin wata tara. Ƙasashen su ne Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa, wato fadojin da Gosh da Taha da Burhan da Hemedti suka yi shekaru suna kai wa gaisuwa. Babu ɗan Sudan ko ɗaya cikin masu sa hannu. Mako shida bayan sanarwar, birnin El Fasher ya faɗa hannun RSF bayan ƙawanyar shekara ɗaya da rabi, aka shiga kashe waɗanda yunwa ta bari.