Kowa Ya Sayi Rariya

Tun da mutane suka fara komawa gidajensu a Umbadda, wata ɗabi'a da na yi zaton yaƙi ya binne ta sake ɗago kai. Saurayi ya samu 'yan kuɗi, ko daga wansa da ke aiki a Jidda, ko daga wurin haƙar zinariya a arewa, maimakon ya gyara rufin ɗakin mahaifiyarsa sai ya nufi wurin dillalai ya jawo tsohuwar Range Rover, ko BMW X6, ko Marsandi S-Class da ta shekara goma sha biyar a duniya. Dalilinsa ɗaya ne, wai ya same ta da araha. Ni kuwa na ce wannan ciniki zalunci ne, kuma waɗanda ake zalunta su ne mutanen gidan da za su ci gaba da biyan kuɗinta ba tare da an shawarce su ba.

Abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne, kuɗin sayen motar alfarma ne kaɗai ke faɗuwa idan ta tsufa. Kuɗin riƙe ta yana nan inda yake tun ranar da ta fito daga masana'anta, har ma ƙaruwa yake yi. An ƙera ta ne domin attajirin da ba ya tambayar farashin taya. Attajirin ya more ta shekara biyar, ya ga alamun tsufa, ya sallama ta. Na biyu ya ja ta iyakar ƙarfinsa, shi ma ya gudu. Kai ne na huɗu ko na biyar, kuma duk gyaran da waɗancan suka ƙi yi yana nan a jibge yana jiran ka. Arahar da ta ruɗe ka shaida ce cewa waɗanda suka san motar sun riga sun tsere mata.

Mu leƙa cikinta. Yawancin waɗannan motoci ba sa tsayawa a kan sifirin na ƙarfe irin na Hilux. A kan jakunkunan roba masu cike da iska suke tsayawa, da wani ɗan famfo mai hura su. Roba kuwa tana tsagewa idan ta tsufa, balle a garin da zafi ke haura maki 40 a watan Mayu da Yuni, ga guguwar habub tana cusa ƙura a kowace kafa. Ranar da jaka ɗaya ta fashe, za ka wayi gari ka tarar da motar ta durƙusa a ƙofar gida kamar raƙumin da aka sauke wa kaya, kuma idan famfon ya yi ta fama da jaka mai yoyo, shi ma ƙonewa zai yi. Injin BMW mai silinda 8 da turbo biyu, wanda aka fara sa wa X6 a 2008, an dasa turbo ɗinsa ne a tsakiyar injin, wurin da zafi ke taruwa, shi ya sa ya yi suna wajen shan baƙin mai da gasa bututun da ke kewaye da shi. Sassa da yawa na lagireto da hanyoyin ruwan waɗannan motoci na roba ne mai tauri, wanda ke yin gautsi da shekaru. Bututu ɗaya ya tsage kana cikin cunkoson Suk Libiya, kafin ka samu wurin tsayawa injin ya tafasa, gyaransa kuma zai iya cin rabin abin da ka sayi motar.

Sai abincinta. Irin wannan inji yana son fetur mai lamba 95 ko sama da haka, da baƙin mai na musamman lita 8 ko fiye a kowane juyi. A cikin gari yakan sha kusan lita 20 a tafiyar kilomita 100, wato ya ninka abin da ƙaramar Atos ke sha har da ɗoriya. A ina za ka samo masa wannan tsabtataccen man? Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, fetur bai sake zama abin wasa a Sudan ba. A watan Yunin 2021 gwamnati ta janye tallafinsa gaba ɗaya. A Janairun 2025 matatar Jaili da ke arewacin Bahri ta kama da wuta. Mai irin wannan mota yakan ƙare ne a wurin masu sayar da mai a jarka, man da ba wanda ya san abin da aka gauraya masa, kuma ƙazanta kaɗan ta isa ta kashe famfon mai da allurai masu fesa shi, waɗanda ko ɗaya ba a ƙera shi a nan.

Kowane ƙusa na wannan mota da dala ake sayen sa. A Fabrairun 2021 babban banki ya karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. Kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen fam 600, a 2024 kuwa ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Albashin wa ya bi ta a wannan gudu? Kayan gyaran kuma daga Sharja ko Jidda ake aiko su, su sauka a Port Sudan, su yi tafiyar kimanin kilomita 800 kafin su iso, sau da yawa kuma su ma tsofaffi ne da aka kwance daga wata motar da ta mutu. Kanikawanmu na unguwar masana'antu ta Omdurman gwanaye ne, za su tayar maka da Hilux ko amjad ko raksha da guduma da waya. Amma motar da ke da kwamfutoci da dama a cikinta, wadda ko mabuɗi ba a sauya mata sai an haɗa ta da na'ura, ta fi ƙarfin guduma. Bakanike zai yi ta canki-canki da kuɗinka, yau wannan, gobe wancan, fitilar gargaɗi kuma tana nan a kunne.

Akwai haɗarin da ya fi duk waɗannan, shi ne takarda. Tun kafin yaƙi muna da motocin da ake kira Boko, waɗanda aka shigo da su Darfur ta Libiya da Chadi ba tare da kwastan ba. Yaƙi ya zo ya ƙara da nasa, domin kowa ya san yadda aka kwashe motocin mutane daga gidajensu a Khartoum da Bahri da Omdurman, kuma manyan motoci ne aka fara nema. Saboda haka idan ka ga motar alfarma ana sayarwa a kuɗin banza a yau, tambayar farko ita ce ta wa ce. Wata rana mai ita zai iya tsayar da kai da lambar shasi a hannunsa, ka rasa motar, ka rasa kuɗin, ka kuma kwana kana amsa tambayoyin 'yan sanda. Ko da ba a kama ka ba, da wane ido za ka dubi maƙwabcinka da aka raba shi da tasa da bakin bindiga?

Na san amsoshin da za a ba ni, domin ina jin su a waya duk lokacin da na taɓo wannan magana a shirina. Wani zai ce motar Jamus ba ta mutuwa. Wannan suna Marsandin da ta samo shi, irin W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da V-boot da 'yan'uwanmu na Kano da Zariya suka sani. Ƙarfe ne zalla da waya kaɗan, duk bakaniken kan hanya zai iya kwance ta ya ɗaura. Jikokinta na bayan shekarar 2000 tambarin kawai suka gada. Kuma ku tambayi mutanen Kano ɗin abin da ya faru da manyan motocin tokumbo bayan an cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023. Da yawa an jingine su a gida, masu su suna hawa adaidaita-sahu.

Wani kuma zai ce kuɗinsa ne, ina ruwana. Da a ce attajiri ne mai Hilux ta aiki da kuɗin gyara a ajiye, wanda yake son tsohon inji don sha'awa, da ban ce uffan ba, Allah ya ba shi lafiyar morewa. Amma a gidajenmu na Umbadda da wuya ka samu kuɗin da ya zama na mutum ɗaya. Abin da ɗan'uwa ya turo daga Saudiyya akwai rabon maganin tsoho a ciki, da kuɗin makarantar ƙanne, da na ruwan da ake saya daga mai amalanken jaki. Wata baiwar Allah ta taɓa kiran shirina ta ce mijinta ya karɓi awarwaronta na zinariya ya sayar don a gyara akwatin giyar motarsa, bayan wata biyu motar ta sake kwantawa. To kuɗin wa aka ci a nan?

Laifin kuma har da mu masu kallo. Mu ne muke miƙewa tsaye idan an faka ta a wurin ɗaurin aure. Mu ne iyayen da ke auna mai neman aure da tambarin da ke gaban motarsa, mu raina wanda ya zo da raksha ko da kuwa tasa ce kuma ita ke ciyar da gidansu. Saurayi ya ga inda girma yake, ya bi. Kakannin da yawa daga cikinmu a ƙafa da jakuna suka iso wannan ƙasa a kan hanyar Makka, suka yi noma da fatauci suka kafa unguwanni, ba wanda ya tambaye su abin hawansu kafin ya ba su aure.

Saboda haka, ɗan'uwana, idan ka samu kuɗi kuma lallai sai mota, ka je ka ga bakanikenka kafin ka ga dillali. Ka tambaye shi wace mota ce kayanta ke rataye a kowane shago, wace ce za ta haye ruwan da ke kwanciya a lungunanmu da damina. Ka kai lambar shasi ofishin 'yan sandan kula da hanya a duba kafin ka biya ko fam ɗaya. Idan har zuciyarka ta nace a kan waccan mai sheƙi, ka tambayi kuɗin jakar iska ɗaya da taya huɗu, ka je ka faɗa wa mahaifiyarka adadin da bakinka. In ta ce ka saya, ka saya. In kuwa ka ji nauyin faɗa mata, ka bar wa dillali kayansa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.