Abin da tsohuwar jarida take faɗi kan hannun jari



Tsohuwar jarida aikinta ƙunshe tsire da ƙosai. Amma tun da yanzu kun iya karatu, in ta faɗo hannunku ku karanta ta kafin mai ya cinye baƙaƙen. Babu abin da ya kai tsohon labari ban dariya, balle labarin masu kuɗi.

Da farko, mene ne hannun jari? Kamar mutum goma ne su haɗa kuɗi su sayi injin niƙa. Kowa da rabonsa cikin injin. In an ci riba a raba, wanda ya matsu kuma yana iya sayar da rabonsa ga wani. Manyan kamfanoni ma haka suke, sai dai masu rabon dubbai ne, kuma akwai kasuwar da ake cinikin rabon nan. A Amurka suna da ma'auni mai suna Dow Jones. Yana nuna farashin manyan kamfanoni 30, kamar yadda rediyo yake faɗa muku kuɗin tiyar hatsi.

To, ku saurara. A watan Agusta na 1979, wata babbar mujallar Amurka, BusinessWeek, ta buga a bangonta cewa hannun jari ya mutu. Lokacin ma'aunin bai kai 900 ba. Masu tsoro suka sayar, suka yi wa gawa addu'a, suka watse. A watan Mayu na 2024 gawar nan ta wuce 40.000. Ta ninka fiye da sau arba'in ke nan! Gaskiya ne kayan masarufi ma sun yi tsada a can, amma su wajen sau huɗu suka ninka.

Ran Litinin 19 ga Oktoba 1987 kuma, kasuwar ta zube da fiye da kashi 22 cikin ɗari a yini guda. Jaridu suka yi ta kururuwa kamar fari sun sauka a gona. Wajen shekara biyu farashi ya koma inda yake.

Kada ku ce masu baƙin labari kaɗai ke shan kunya. A Oktoba 1929 wani shahararren malamin tattalin arziki, Irving Fisher, ya ce farashi ya hau tudun da ba zai sauko ba. Ba a yi wata guda ba kasuwa ta rushe. Zuwa 1932 kusan kashi 90 cikin ɗari sun tafi, kuma sai 1954 aka koma tudun malam. A Japan, wanda ya saya a ƙarshen 1989 sai a 2024 ya sake ganin farashin da ya biya. Shekara 34! Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ya riga ya sa nasa ƴaƴan lekol. Wani kamfanin ma ba ya tashi sam, ko an jira.

Ga ra'ayina. Mai jarida labarin yau yake sayarwa, gobe zai kawo wani. Wanda ya bi ihunsa ya saya ko ya sayar, dillali kaɗai ya yi wa aiki. Haƙuri yana biya, amma haƙuri sai mai abinci a rumbu. Kun san wannan fiye da ni. Mai sayar da wake da kaka ya san zai yi tsada da bazara. Bashi da cefane ne suka kore shi kasuwa. Saboda haka kuɗin iri, da na taki, da na magani, ba su da wuri a wannan ciniki.

Mu ma muna da irin wannan kasuwa. Sunanta BRVM, tana Abijan tun 1998, ta ƙasashe takwas masu sefa ce, har da Nijar. Ana cinikin hannun jarin bankin BOA Niger a cikinta. Ba a saye sai ta hannun dillalai masu izini. In wani ya zo ƙauye da jaka yana cewa jikka goma za ta zama ashirin kafin sabon wata, ba daga can ya fito ba. Ku tambaye shi sunan kamfanin, da sana'ar da yake yi, da ribar da ya raba bara, da takardar izininsa. Ku karanta ta da kanku, a gaban mai gari.