Yadda Nokia Ya Rasa Kambunsa A Kasuwar Wayoyin Salula

A ƙarshen 2007, kusan huɗu cikin kowaɗanne wayoyi goma da ake sayarwa a duniya na Nokia ne, kamfanin ƙasar Finland. A shekarar ce Apple ya fito da iPhone, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, hankalin masu saye ya tashi daga ƙarko da riƙe caji ya koma kan manhajoji.

Nan Nokia ya yi sake. Ya nace wa tsohuwar manhajarsa Symbian, sai a Fabrairun 2011 shugabansa Stephen Elop ya rungumi Windows Phone ta Microsoft maimakon Android. Babban kuskuren shi ne shelanta jingine Symbian watanni kafin sababbin wayoyin su iso kanti. Wane ɗan kasuwa ne zai sari hajar da mai ita ya ce ya kusa daina yi?

Samsung ya ƙwace kambun a 2012, a 2013 kuma aka amince a sayar wa Microsoft sashen wayoyin a cinikin Yuro biliyan 5.44. Ko a kasuwanninmu, inda ake yabon ƙarkon 3310, Tecno da Itel masu araha da layi biyu ne suka gaje rumfar.